Nasihar Juma'a: Ɗanka Ya Fara Yin Shiru, Me Za Ka Yi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

 Maganar wannan makon ba daga littafi na fara ɗauko ta ba, a nan cikin masallacinmu na tsince ta. Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na zo zan rufe ƙofa sai na tarar da wani yaro ɗan shekara 15 a sahun baya, ya jingina da bango. Ba barci yake ba, ba waya yake latsawa ba. Na ce masa lafiya? Ya ce, "Yaya, don Allah ka bar ni minti goma. A gida ba inda zan zauna ba a kira sunana ba." Washegari mahaifinsa ya same ni rai a ɓace, yana cewa yaron ya fara yawon dare, ya daina hira da kowa, lallai an koya masa shaye-shaye. Har ya yanke shawarar sa shi a motar da za ta koma Arewa. Ban ambaci suna ba, domin na san gidaje da yawa a nan Agege za su ce da su nake.

Mu tuna yadda aka rene mu. A gida, yaro yana balaga ake fitar da shi daga ɗakin uwarsa, a ba shi ɗakin ƙofar gida ko shagon da ke jikin zaure, su kwana da sa'o'insa. 'Yan mata kuma suna da dandali da ɗakin kaka. Ba wanda ya ce an yi sakaci, domin duk wanda ya shiga ko ya fita, dattijon zaure yana ganinsa. Nan Legas fa? Ɗaki ɗaya ko biyu muke haya, mutum bakwai ko takwas a ciki, banɗaki da madafa na haɗaka. Uba ya fita Mile 12 ko abbatuwar Oko-Oba tun kafin gari ya waye, sai dare ya dawo a gajiye. To yaron da muryarsa ta fara buɗewa, ina zai sa kansa?

Son kaɗaita ba alamar lalacewa ba ne. Manzon Allah (SAW) kafin a aiko shi yakan tafi kogon Hira ya kwana da yawa shi kaɗai, kuma Nana Khadija ba ta tuhume shi ba, guzuri take haɗa masa. A Suratun Nur, aya ta 58 da 59, Allah Ya koya wa yara neman izini a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i, sannan Ya ce idan sun balaga su riƙa neman izini kamar manya. Ka ga ke nan addini ya ɗauki wanda ya balaga a matsayin mutum mai kunya da sirri. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana mu bin diddigin juna da mugun zato, kuma ba a cire 'ya'yanmu daga cikin waɗanda ke da wannan haƙƙi ba.

Akwai labarin Anas ɗan Malik a Sahihu Muslim da ya kamata kowace uwa ta sani. Yana wasa da yara, Annabi (SAW) ya aike shi, ya makara bai koma gida ba. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken mene ne, ya ce sirri ne. Ba ta zare masa ido ba, sai ma ta ƙarfafa shi ya riƙe amanar. Ta san inda ya je da wanda ya aike shi, wannan ya ishe ta.

Sai maganar abokai. Da yawanmu maganinmu ɗaya ne: kar na sake ganinka da kowa. Wallahi wannan ba ya aiki. Yaron da aka hana abokin fili zai nemi na ɓoye, a gidan kallon ƙwallo, ko shagon caca, ko cikin waya. Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a labarin matasa ce, abokan juna, waɗanda suka riƙe junansu a kan imani lokacin da manyan garinsu suka ɓace. Shi ma hadisin Abu Musa a Bukhari da Muslim, wanda ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai hura wutar maƙera, zaɓe ya koya mana, bai ce a zauna ba aboki ba. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba za ka san abin da abokin ɗanka ke ɗauke da shi ba sai ka bari ya zo ƙofarka. Kuma kar mu auna yaro da yarensa. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, da Yarbawa da Ibo suke aji ɗaya. A duba sallarsa in Musulmi ne, a duba ladabinsa da gidan da ya fito.

Ga abin da nake roƙo mu gwada. Na farko, in ba ɗaki, a sa labule, a ba shi akwati mai makulli, a yi sallama kafin a ɗaga labulen. Na biyu, a bar masa awa ɗaya a yini da ba aike. Wannan har da 'ya mace, wadda daga makaranta sai wanke-wanke, sai goyon ƙanne, sai talla, ba mai tambayarta ko ta gaji. Na uku, a gayyato abokansa su ci tuwo a gidan, ka san sunayensu da na iyayensu. Na huɗu, ku yi yarjejeniyar lokacin dawowa da lokacin ajiye waya, a fili, maimakon ka riƙa bincika wayarsa yana barci. Na biyar, kar ka yi masa faɗa a gaban rumfa ko gaban ƙannensa. Ja shi ku taka zuwa masallaci, a hanya yaro ya fi buɗe baki.

Amma fa akwai shirun da ba a bari. In ya daina cin abinci, ya bar salla da makaranta, ya yanke har da abokan da yake so, ko kuɗi na shigo masa ba ka san tushensu ba, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, to kar a jira. A zauna da shi, a sanar da Malam Liman, a kai shi asibiti. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Shi wancan yaron ba a mayar da shi Arewa ba. Malam Liman ya zaunar da su, uban ya ji da kunnensa inda ɗansa ke zuwa, ya daɗe bai ce komai ba. Saboda irinsa ne kwamiti ya amince a riƙa barin ajin Islamiyya a buɗe tsakanin magariba da isha'i, domin samari su zauna su yi karatu ko hira, dattijo ɗaya yana daga bakin ƙofa. Muna neman masu ba da lokacinsu, kwana ɗaya a mako. Mai niyya ya same ni bayan salla. Muna kuma roƙon iyaye mata su kawo shawarar yadda za a yi wa 'yan mata irin wannan.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa su da abokan kirki, Ya ba mu haƙurin sauraronsu. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci