Takobi Da Sihiri A Hannu Guda: Ko Mutum Zai Iya Zama Kome Da Kome?

A shekara ta 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin ta Amurka, ya buga wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙago, wato Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar sukan kewaye tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, sai dai babbarsu fuska 20 gare ta. Ɗaya yana jan labari, sauran kuwa kowa ya ƙera wa kansa jarumin da zai wakilce shi a cikin labarin. Wurin ƙera jarumin nan ne wata tsohuwar tambaya take ɓullowa: shin daidai ne mutum ya nemi ya haɗa kowace baiwa a jikinsa shi kaɗai?

Kowane jarumi yana da halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A bugun 2014, ɗaya daga hanyoyin rabon ita ce a ba ɗan wasa maki 27 ya rarraba a kansu, abin da ya ƙara wa wannan kuwa ya rage wa wancan ke nan. Sa'an nan ya zaɓi sana'a. Mayaƙi yana sa sulke, ya riƙe garkuwa, ya tsaya a gaba. Mai sihiri yana da rauni a jiki, amma daga baya yake jefa wuta ta cinye rundunar abokan gaba. Ba a daɗe ba 'yan wasa suka fara kwaɗayin jarumi mai takobi a dama, sihiri a hagu.

Kalmar sihiri za ta tsayar da iyaye masu bi, kuma da dalili, gama Kubawar Shari'a sura 18 ta hana duba da maita ƙarara. A Amurka ma an yi muhawara mai zafi. Wata mata, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, har kamfanin ya cire sunayen aljanu da shaiɗanu daga bugun 1989. Abin da yake faruwa a teburin dai lissafi ne da tatsuniya: ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwaya, a duba lamba. Ko gida zai yarda da irin wannan tatsuniya, shawara ce ta iyaye bisa ga lamirinsu da sanin 'ya'yansu. Amma ko wanda bai yarda da wasan ba zai iya ƙaruwa da yadda dokokinsa suka bi da mai son haɗa biyu.

Dokokin ba su taɓa hana shi ba, ba su kuma taɓa ba shi kyauta ba. A littafin farko, wani jinsin almara da ake kira elf yana iya zama mayaƙi a wannan tafiya, mai sihiri a ta gaba, amma ba ya wuce mataki na 4 a yaƙi da na 8 a sihiri. A bugun 1981 mayaƙi yana bukatar maki 2,000 ya hau mataki na biyu, mai sihiri 2,500, shi kuwa mai haɗa biyu sai ya tara 4,000. A bugun shekara ta 2000 an sa doka cewa in mai sihiri ya sa cikakken sulken ƙarfe, sau 35 cikin 100 sihirinsa zai lalace, domin nauyin ƙarfen yana hana hannu motsi. A bugun 2014 kuwa, wanda ya tsaya kan yaƙi yana samun sara biyu a juyi ɗaya da zarar ya kai mataki na 5, wanda ya tsaya kan sihiri yana samun dunƙulen wutarsa a wannan mataki. Wanda ya raba biyar ɗinsa, uku nan biyu can, bai sami ko ɗaya ba. Bugu ya sāke sau da dama cikin shekaru 40, hukuncin bai sāke ba: taura biyu ba ta taunuwa sai da wahala.

Wani zai ce wannan rashin adalci ne, don me za a hori mai himma? Amsar tana wurin sauran mazauna teburin. Da jarumi ɗaya zai fi mayaƙi yaƙi, ya kuma fi mai sihiri sihiri, da sauran sun zama 'yan kallo, wasan kuma ya mutu. Iyakar da aka sa wa kowa ita ce take ba ɗan'uwansa wurin tsayawa. Manzo Bulus ya kafa irin wannan hujja a Korintiyawa ta fari sura 12, inda ya kwatanta jama'a da jiki mai gaɓoɓi dabam dabam, kowace tana bukatar 'yar'uwarta.

Duk da haka, ba za a ce mai haɗa biyu ya yi laifi ba sai an san dalilinsa. Akwai wanda yake yin haka don kada ya bukaci kowa, don kowane yabo ya sauka a kansa. Irin wannan yakan ƙare da fushi, gama yana ta auna kansa da gwanaye biyu, kullum yana ƙasa da su. Akwai kuma wanda ya dubi teburin ya ga mutum uku ne kawai, ba mai tsare gaba sosai, ba kuma mai sihiri, sai ya yarda ya zama na biyu a fannoni biyu domin ƙungiya ta tsira. Takardunsu na iya zama iri ɗaya, lamba da lamba, amma na farko girman kai ne ya ƙera shi, na biyu kuwa hidima.

Haka abin yake a gidaje da yawa. Saurayin da yake so ya zama likita, mawaƙi, ɗan kasuwa da ɗan ƙwallo a shekara guda yana bukatar wanda zai zauna da shi ya nuna masa cewa yini sa'a 24 ne, kamar makin nan 27, ba a ƙarawa. Amma uwar da ta zama malama da ma'aikaciyar jinya da mai sana'a saboda maigida ya rasu, ko malamin ƙauye da yake koyar da darussa huɗu don ba wani, ba su cancanci a raina su domin ba su kai gwani a kowanne ba. Sun san abin da suka bari, sun kuma biya kuɗinsa da saninsu.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai ƙera jarumi, da mai tsara rayuwarsa, guda biyu ce: me zai rasa in ya haɗa, kuma don wa yake haɗawa? Wanda ya amsa ta farko da gaskiya ba zai yi gunaguni ranar da gwani ya wuce shi ba. Wanda ya amsa ta biyu da sunan waɗansu, ba da nasa kaɗai ba, ya riƙe takobinsa da littafinsa da kwanciyar rai, yana sane da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun ya iya sana'a biyu.