YAJI BA SAKI BA NE

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi wata takwas suna yajin aiki, kakata ta tambaye ni abin da ya hana ni komawa makaranta. Na ce mata, "Iya, malamai ne suka yi yaji." Sai ta ce, "To, wa ya je biko?" Na yi dariya, amma daga baya na ga tambayar tata ta fi ƙarfin dariya.

Idan muka bi salsalar kalmar, yaji dai shi ne garin barkono da citta da masoro da ake barbaɗawa a abinci. Haka kuma idan mace ta fusata ta bar ɗakinta ta koma gidan iyayenta, sai a ce ta yi yaji. A ganina zafin da ke kan harshe ne Bahaushe ya kai shi zuci. Da aikin albashi ya zo, ma'aikata suka fara haɗa kai suna ajiye aiki, sai aka ari wannan kalma ta zaman aure aka yafa musu.

Wannan aro akwai hikima a cikinsa. Mai yaji ba ta ce aure ya mutu ba, so take a gyara. Watau yaji kira ne zuwa ga sulhu. A 1945 ma'aikatan Nijeriya, da Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa a gaba, sun yi fiye da kwana 40 suna yaji saboda tsadar rayuwa. Ƙarshenta gwamnatin mulkin mallaka ta kafa kwamitin bincike, aka ƙara musu kuɗi. Ko Bature ma sai da ya yi biko.

Saboda haka kalmar ta ɗora wa kowane ɓangare nauyi. Wanda aka yi wa yaji, wajibinsa ne ya taka ya je biko da gaskiya, ba da alkawarin baka ba. Mai yaji kuma ya bar ƙofa a buɗe, ya dawo in an gyara.

Amma akwai na uku da ba a shawara da su. Idan uwa ta yi yaji, uba ya ƙi biko, 'ya'ya ke kwana da yunwa. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a wannan gida mu ne 'ya'yan. Allah ya sa manya su riƙa tunawa da mu, amin.