Bajamushe a Fim: Dodo ko Mutum?

'Yan'uwa matasa, duk mai kallon finafinan Yaƙin Duniya na Biyu ya san sojan Jamus tun kafin ya buɗe baki: hular ƙarfe, dogon takalmi, ga tsawa kamar aradu. Harsashi na samunsa sai mu ɗauki shewa. To, shin adalci ne a mai da al'umma guda dodo, ko da 'ya'yanta sun yi zalunci?

Zalunci kam an yi shi. Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin SS sun hallaka mutum fiye da 640 a ƙauyen Oradour-sur-Glane na Faransa. Mata da yara a coci aka kulle su, aka cinna wuta. Fim ɗin Come and See na Elem Klimov (1985) ya nuna irin wannan ta'asa a Belarus, inda aka ƙone ƙauyuka 628 da mutanensu. Wanda aka yi wa haka, in ya zana maƙiyinsa da baƙin fenti, ba mu da bakin hana shi.

Abin da muke ja da shi shi ne, dodon nan yana wani aiki a ɓoye. In an ɗora wa baƙo mugunta duka, ɗan gida ya tsira ke nan. Finafinan Faransa na bayan yaƙi, irin su La Bataille du rail (1946), jarumtar masu turjiya suka sa a gaba. Da Marcel Ophuls ya yi Le Chagrin et la Pitié a 1969, ya zanta da mutanen garin Clermont-Ferrand har da masu haɗa kai da Jamusawa, gidan talabijin na gwamnati bai yarda ya nuna shi ba sai 1981. Ai dole! 'Yan sandan Faransa ne da kansu suka kame Yahudawa kimanin 13,000 a Paris cikin Yuli 1942, kuma sai 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa cewa ƙasarsa na da hannu.

Haka ma a Belarus ɗin. Ƙauyen Khatyn, inda aka kashe mutum 149 a 1943, da yawan waɗanda suka ƙone shi 'yan Tarayyar Sobiyet ne masu yi wa Jamus aiki. Da aka gurfanar da ɗaya daga cikin hafsoshinsu a Minsk a 1986, a asirce aka yi shari'ar.