Wanda ya fara karatun kyauta bai gama ba, wa ke bin sa bashi?

Ga wata tambaya mu duba tare. Mutum ya shiga karatun da ba a biyan ko dala. Ya yi kwana goma ko wata guda, ya bari. Shin ya yi laifi? In ya yi, wa ya yi wa?

Abin da ya kawo maganar shi ne wani irin karatu da ake yi ta intanet, wato ta kwamfuta ko ta wayar salula. Malami yana can jami'arsa. A ɗauki hotonsa da muryarsa yana koyarwa, a sa a intanet. Duk mai so, ko a ina yake, sai ya rubuta sunansa, ya riƙa kallo, ya riƙa amsa tambayoyi. Ba aji, ba tabarma, ba mai kiran suna.

A shekarar 2011, malamai biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu kyauta ga kowa. Darasi ne na yadda ake sa na'ura ta yi aiki mai kama da tunani. Mutum wajen 160,000 suka rubuta suna. Wajen 23,000 ne suka kai ƙarshe, wato mutum 1 cikin 7. A 2012 wata babbar makarantar Amurka mai suna MIT ta buɗe darasin ilimin lantarki. Wajen mutum 155,000 suka shiga, 7,157 suka ci jarrabawa. A 2019 masu bincike biyu suka fitar da lissafin irin waɗannan darussa na MIT da jami'ar Harvard. Suka ga a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, wajen mutum 3 cikin 100 ne suka gama. Fiye da rabin masu rubuta suna ko leƙa darasin ba su yi ba.

Ku lura, yawancin mutanen nan ba jahilai ba ne. Da yawa sun riga sun yi jami'a. Duk da haka sun bari. Kuma akwai waɗanda abin yake ci musu rai. Mutum ya riƙa ce wa kansa: ni rago ne, ba na gama abin da na fara, an ba ni ilimi a banza na zubar.

A ganina wannan kunya ta yi yawa. Rubuta suna a intanet bai fi minti biyu ba. Kamar ka tsaya gaban rumfa ne ka taya kaya. Tayi ba ciniki ba ne. Kuma fitarka ba ta rage wa kowa komi ba. An riga an ɗauki muryar malamin. Ko mutum ɗaya ya saurara, ko dubu ɗari, aikinsa ɗaya ne. In ka kashe rediyo ana cikin labaru, ka zalunci mai karanta labarun? Bai ma sani ba.

Wani kuma abu guda ya kai shi. Yana son ya gane lissafi ɗaya, ya gane, ya tafi. Wanda ya je rijiya da tulu ɗaya, ba a ce masa sai ya ƙafar da rijiyar.

Wasu na cewa kyautar ce ta jawo haka, abin banza ba a ganin darajarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A lissafin nan na 2019, cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kusan rabi sun gama. Amma a yi hankali. Mai biya, tun farko ya ƙulla niyya, shi ya sa ya biya. Ba lalle kuɗin ne suka haifi niyyar ba. Sannan a ƙauyukanmu wannan kyauta ba kyauta ba ce sosai. Sai ka sa kuɗi a waya. Sai ka kai ta caji. Wani wuri sai ka hau tudu kafin ka samu rezo. Yawancin darussan kuwa da Turanci ne ko Faransanci.

To, mu dawo gida. Mu ma muna da karatun da ba a biya, shi ne na yaƙi da jahilci, wanda ake yi a Nijar tun shekarun 1960. Mu ma mun san yadda aji yake cika ranar buɗewa, mun san yadda yake raguwa. Sai dai nan maganar ta bambanta, kuma bambancin ne ya fi damuna.

Ajin ƙauye ba rediyo ba ne. Malamin ya san fuskarka. Ya san gidanku. Littafin da aka ba ka ƙirgagge ne, da ba kai ba da wani ya samu. A ce mutum 30 suka rubuta suna, saura 8. In masu duba makarantu suka zo suka ga haka, ana iya rufe ajin, a kai wani gari. Mutum 8 ɗin nan ba su yi laifin komi ba, amma su ne za su rasa. Ashe a nan akwai haƙƙi. Ba haƙƙin boko ba ne, ba na allo da alli ba. Haƙƙin mutane ne, waɗanda kuke zama tabarma ɗaya.

Wannan ba ya nufin kada kowa ya bari. Rumbu ya yi ƙasa, magidanci ya tafi bida. Mace ta haihu, ko yaro ya kwanta ciwo. Ruwa ya sauka, kowa ya nufi gona. Ba mai hankalin da zai ce a bar iyali da yunwa a zauna ana haɗa baƙi da wasali. Abin da ake bin mai tafiya kaɗan ne: sallama. Ka je ka gaya wa malam. Ka ce ga dalili, ga lokacin da nake sa ran dawowa. Ka mayar da littafi, ko ka roƙi a bar maka shi. Wanda ya yi haka ya fita lafiya. Wanda ya ɓace shiru, shi ne ya bar malam yana tambayar kansa ko koyarwarsa ce ba ta da kyau.

Amma babbar hasara ba a ranar bari take ba. Tana zuwa daga baya. Mutum ya bari don wani dalili na gaskiya, sai ya manta dalilin, ya yanke wa kansa hukunci: kaina ba ya ɗauka, na tsufa da karatu. Ya hango malam a kasuwa, ya sauya hanya. Rani ya zagayo, an sake buɗe aji, kunya ta hana shi zama da sababbi. Yunwa wata uku ta fitar da shi, kunya ta tsare shi shekara goma. Irin wannan mutum, ran da ɗansa ya ce lakkwal ta yi masa wuya, da sauri zai ce a bari, mu gidanmu ba mu da kan karatu.

Alhali wata biyun da ya yi ba su tafi a banza ba. Ya san lambobi. Yana iya duba sikeli ran da zai sayar da wake ko albasa. Yana iya danna lambar ɗan'uwansa a waya, ba sai ya nemi yaro ba. Yana gane ranar da aka rubuta a katin awo. Sai dai a faɗi gaskiya: ɗan karatun nan yana gudu in ba a taɓa shi. Kuma rabin karatu yana da haɗari in mai shi ya ɗauka ya gama. Takardar maganin ƙwari ko ta maganin yaro, wanda bai ƙware ba ya kai wa wanda ya ƙware. Ba abin kunya ba ne.

Mutum ɗaya ne ba na ba shi uzuri. Shi ne mai rubuta suna kowace shekara don a gan shi ranar buɗewa, ranar da baƙi suke zuwa. A intanet ma akwai irinsa, ya shiga darasi goma, ya ji kamar ya karanta su. Sayen hauya duk shekara ba noma ba ne.

Malamai, ku ma da naku. Darasin intanet ba ya iya bin ɗalibi gida ya tambaye shi lafiya. Ku kuna iyawa. Kada ku yi saurin soke suna daga rajista. In mutum ya yi kwana uku bai zo ba, ku aika, ko ku taka da kanku. In ya dawo baɗi, kada a tambaye shi a gaban jama'a ina ya shiga. A matsa masa wuri, a ba shi alli.

Duk wanda ya taɓa bari kuma ya dawo, ya rubuto mana da hannunsa. Ya faɗi abin da ya fitar da shi, da abin da ya dawo da shi. Ko layi uku ne, muna so.