Yaron da Ya Yi Jinkirin Tafiya: Laifin Wa Ne?

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13, Yahaya 9:1-7, Markus 2:1-12



Bara, bayan sujadar Lahadi a Talata Mafara, wata 'yar'uwa ta jira har mutane suka watse, sannan ta kwance goyonta ta ajiye a gabana. Daga wani ƙauye na Maradun suka gudo saboda 'yan bindiga. Yaron ya kai shekara biyu, amma ko tsayuwa ba ya yi. In an zaunar da shi sai ya langaɓe gefe. Ta ce, "Baba, maƙwabta sun ce ɗan ruwa ne. Wata kuma a nan coci ta ce la'anar gidanmu ce. Ka faɗa mini, me na yi wa Allah?"

Zan faɗa muku kuskurena. Na ɗora wa yaron hannu na yi addu'a da ƙarfi, na tsayar da shi a kan ƙafafunsa, na umarce shi ya yi tafiya. Da na sake shi sai ya faɗi ya fashe da kuka. Uwar ta saɓa shi a baya ta tafi, ta ɗauka bangaskiyarta ce ta kasa. Ta zo da kaya ɗaya, na mayar da ita da biyu. Daren nan ban yi barci ba.

Tambayar wannan uwa tsohuwar tambaya ce. Almajirai sun yi wa Yesu irinta a Yahaya 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suna son sanin ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi ɗora laifin a kan kowa, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai yi a kan mutumin. Me ya sa mutum yake son a sami mai laifi? Domin in an ce laifin uwa ne, mu mun huta. Ba sai mun raka ta asibiti ba, ba sai mun kawo mata kwanon gero ba. Zargi ya fi taimako araha.

Ku dubi Mefiboshet ɗan Yonatan. Yana da shekara 5 labarin mutuwar mahaifinsa da kakansa Saul ya iso. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, cikin gaggawa ya faɗi, ya gurgunce. Mu a Zamfara ba sai an fassara mana wannan aya ba. Mun san yadda uwa take gudu da dare, ɗa a baya, ɗa a hannu. Littafi Mai Tsarki bai zagi matar nan ba, ransa take ƙoƙarin ceta. Mefiboshet kuwa bai warke ba, amma sarki Dawuda ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya riƙa cin abinci a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Darajar yaro a gaban Allah ba ta jira sai ya taka ƙasa.

To, shin sai mu naɗe hannu mu ce haka Allah ya so? A nan ake bukatar hikima, domin jinkiri iri biyu ne.

Akwai jinkirin da ba ciwo ba ne. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana. An ga cewa yaro yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 zuwa 9, yakan yi tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Wasu ma ba su yi rarrafe ba sam, suka tashi suka taka. Saboda haka, 'yar'uwa, in ɗan maƙwabciyarki ya taka yana wata 10, naki kuwa yana wata 14 yana bin bango, kada ki zargi kanki. Kada ki tilasta masa tsayuwa ƙarfi da yaji. Goyo yana da daɗi, amma ki riƙa sauke shi a kan tabarma mai tsabta. In yana farke kina kusa, ki kifa shi rub da ciki ya ɗaga kai, wuyansa da bayansa su yi ƙarfi. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai kuma jinkirin da yake kiran taimako. Yaron da ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya sanƙare ko ya saki, ko hannu ɗaya kawai yake motsawa, ko ya daina abin da ya riga ya iya, wannan a kai shi a duba. Dalilan sanannu ne: doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa. Mu nan muna da wani ƙari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Mai rarrafe ne ya fi shan wannan ƙura, domin hannunsa daga ƙasa sai baki. Duk mai aikin haƙa, kada ya shigo da dutsen gida, ya canza tufafi ya wanke jiki kafin ya ɗauki yaro.

Manomin shinkafa a Bakura ya san wannan bambanci. Ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. Amma in ya ga ganye ya yi ɗorawa, ba ya zama a gindin bishiya yana cewa haƙuri. Zai duba ko ruwan Bakolori ya iso fadamarsa, ko taki ne ya yi kaɗan. Haƙuri dabam, sakaci dabam.

Wani zai ce, "Mai bishara, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne?" Ni na gaskata da warkarwa. Allah da ya ta da gurgu a ƙofar Haikali a Ayyukan Manzanni 3 bai canza ba. Amma ku karanta Markus 2 da kyau. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka hau soro da shi, suka buɗe rufi. Bangaskiyar da Yesu ya gani a kafaɗunsu take, da gumin goshinsu. Bulus kuma, wanda Allah ya yi mu'ujizai ta hannunsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita. Uwar da ta hau mota da ɗanta zuwa Gusau ko Sakkwato don a yi masa gashin ƙashi, tana addu'a a hanya, 'yar'uwar mutanen nan huɗu ce.

Washegari na je na roƙi gafarar 'yar'uwar nan. Mata biyu daga zumuntar mata suka raka ta asibiti. Aka ce tamowa ta kama yaron, kuma akwai rauni a ƙafa ɗaya. Aka ba shi abincin jinya, aka koya wa uwar motsa masa gaɓoɓi safe da yamma. Yau yana takawa yana jan ƙafar hagu. Muna ci gaba da yi masa addu'a. Ko ƙafar ta miƙe ko ba ta miƙe ba, yana da wurin zama a layin gaba na makarantar Lahadi.

A Yusha'u 11 Allah ya kwatanta kansa da uban da ya koya wa ɗansa tafiya. Haka yake yi da mu. Sau nawa muka faɗi, bai taɓa kiran mu la'anannu ba.

Abin yi a wannan mako: Akwai uwar da ta daina zuwa sujada saboda kunyar ɗanta? Ka je gidanta. Ki tambaye ta ranar da za ku tafi asibiti tare. Duk wanda ya taɓa faɗin magana mai zafi a kan irin wannan yaro, ya je ya nemi gafara.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana zargin da muka ɗora wa raunana. Ka ƙarfafa ƙafafun 'ya'yanmu, ka ta'azantar da iyayensu mata, ka ba ma'aikatan lafiya hikima. Ka maido da salama a Maradun, da Bakura, da Talata Mafara. Cikin sunan Yesu, Amin.