Ɗan Majalisar Da Ya Tambayi "Nawa Aka Saya?": Nasiha Ce Ko Fitina?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanen kirki, masu sallah da azumi. Da zarar ɗan majalisa daga jam'iyyar adawa ya miƙe ya ce a kawo takardun wata kwangila, a faɗi nawa aka sayi motocin, wa aka ba aikin, kuma ina aikin yake, sai ka ji an ce: "Wanga neman fitina yake. Musulunci ya ce a yi wa shugaba biyayya, in ma nasiha ce a yi mashi a asirce." Masu wannan magana ba wawaye ba ne, kuma suna da abin riƙo. Shi ya sa nake so mu zauna da ita a tsanake.

Gaskiya ne akwai ruwayar Iyad bin Ganam a kan yi wa mai mulki nasiha tsakaninka da shi, kuma malaman Sunna sun yi tsanani wajen hana fito-na-fito da shugaba, domin sun ga jinin da hakan ya zubar a tarihi. Mu da muke tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ba sai an karanta mana illar rushewar hukuma daga littafi ba. Amma kafin a ɗora hukunci a kan abu, sai an fara sanin surarsa. Mene ne ainihin abin da ɗan majalisar nan yake yi?

Ba makami ya ɗauka ba. Bai ce a warware mubaya'a ba. Bai kuma leƙa cikin gidan gwamna ya tono abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Tambaya ya yi a kan dukiyar da ba ta gwamna ba ce, kuma a zauren da aka gina don wannan tambayar. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 128 da 129, ya ba majalisar dokokin jiha ikon binciken yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, da kiran duk wanda take so ya zo ya yi bayani. Sashe na 88 da 89 sun ba majalisar tarayya irin wannan iko. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa. Gwamna ya san da wannan duka ranar da ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya yi rantsuwa. Wato da sharaɗin za a tambaye shi ya karɓi mulkin, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Ɗan majalisa a nan ba baƙo ba ne da ya faɗo fada yana ɗaga murya. Shi ma yanki ne na hukumar, an zaɓe shi, ana biyansa albashi daga baitulmali don ya yi wannan aikin. In ya yi shiru, albashin me yake ci?

Kuma ba Bature ne ya fara koya mana wannan ba. A Bukhari da Muslim akwai ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo, aka yi lissafi da shi, sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah (SAW) bai bar maganar a ɗaki ba. Ya hau mimbari ya bayyana wa jama'a cewa kyautar da ma'aikaci ya samu saboda kujerarsa ba tasa ba ce, da yana zaune gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Ku lura da abu biyu. Sahabi ne, amma an yi masa lissafi. Kuma an yi maganar a bainar jama'a, domin dukiyar ta jama'a ce. Sayyidina Umar ya ɗora a kan haka: yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da aka naɗa shi, in ya ga dukiya ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta biyu ya mai da rabi baitulmali, kuma yana da Muhammad bin Maslama wanda yake aikawa ya binciko masa gwamnoni. Ita kuwa ƙissar da muka saba ji a wa'azi, ta mutumin da ya tsayar da Umar a kan mimbari saboda tsawon rigarsa, malamai sun yi magana a kan isnadinta, don haka ba ita nake jingina da ita ba. Abin da ya inganta ya wadatar.

A ƙasarmu ma haka. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya jero abubuwan da ya ga sarakunan zamaninsa suna yi da dukiyar talakawa, har da gaisuwar da ake kai wa masu iko don a samu biyan buƙata. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun fara karkata ga tara duniya, bai ce "namu ne, a rufa asiri" ba. Ya faɗa a rubuce, har ya kama hanyar gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam.

To, sai a zo ga hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi a wurina. Za a ce: "Malam, ai ba don Allah yake yi ba. Kujerar yake so. Gobe in jam'iyyarsa ta hau, shi ma haka zai yi." Sau da yawa wannan gaskiya ne. Amma niyyarsa tsakaninsa da Allah ce, ita ke hukunta ladansa ko rashinsa. Ba ita ke hukunta farashin buhun siminti ba. In ya ce an rubuta an gina aji shida alhali huɗu ne a ƙasa, to a je a ƙirga. Ko Shaiɗan, da ya gaya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (SAW) ya tabbatar da maganar tare da bayyana cewa mai faɗinta maƙaryaci ne. Suratul Hujurati ma ba ta ce a jefar da labarin fasiƙi ba, cewa ta yi a bincika. Mu kuwa mun juya abin: in ɗan adawa ne ya faɗa, mu ƙaryata ba bincike, in namu ne, mu gaskata ba bincike.

Ni har ina ganin akwai hikima a cikin wannan son kujerar. Ɗan jam'iyyar gwamna yana da dalili goma na yin shiru: tikitin zaɓe mai zuwa, aikin mazaɓa, kunyar maigida. Wanda ke hamayya shi ne son zuciyarsa ya dace da buɗe ido. Shi ya sa a majalisar Ingila, inda aka kafa kwamitin binciken asusun gwamnati tun 1861, al'ada ta zama ɗan adawa ke shugabantarsa, kuma majalisar tarayyar Najeriya ta ɗauki wannan al'ada. Ba a ba kura ajiyar nama, ba a kuma ce wa ɗan'uwan kura ya ƙirga abin da ya rage.

Yanzu mu dubi gida. A ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda rashin ingantaccen zaɓen fid da gwani, sai kusan duka kujeru 24 na majalisar jiha suka koma hannun PDP tare da kujerar gwamna. A watan Yunin 2021 Gwamna Bello Matawalle ya koma APC, mafi yawan 'yan majalisar suka bi shi. Mutanen su ne dai, hula kawai aka sauya, kuma a duka halin biyu zauren ya kasance kusan babu mai cewa a'a. A Fabrairun 2024 kuma, zamanin Gwamna Dauda Lawal, majalisar ta dare biyu: aka dakatar da wasu mambobi a ƙarƙashin Kakaki Bilyaminu Moriki, su kuma suka koma suna nasu zaman daban da Bashir Aliyu Gummi a gaba. Ba aikina ba ne in raba musu gardama, kuma ba jam'iyya nake wa magana ba, don kun ga kowacce ta taɓa. Abin da ya dame ni shi ne, duk ranar da aka rufe wa ɗan majalisa ƙofa, mutanen mazaɓarsa gaba ɗaya aka rufe wa baki. A Abuja ma mun gani: a Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, majalisar dattawa ta dakatar da shi wata uku. Ko da a ce kuskure ya yi, lissafi da lissafi ake rushe shi.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar 'yan boko ce da ba ta shafe mu ba. Mu a Banga mun binne mutane, mun tara kuɗin fansa da sayar da gona da dabba. Lokacin da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, kowa ya yi addu'a. To duk kuɗin da aka ware da sunan tsaro, a kowace gwamnati, tambayar motoci nawa aka saya, a kan nawa, guda nawa ke kan hanyar Kaura zuwa Shinkafi yau, alawus ɗin yaran nan yana isa hannunsu ko yana maƙalewa a hanya, wannan tambaya ce ta jini. Na san akwai sirrin tsaro da ba a shelantawa a kasuwa. Amma ana iya rufe ƙofa a zauna da kwamiti a nuna takardu. Sirri daga ɗan bindiga daban, sirri daga masu dukiyar daban.

Sai dai ɗan adawa ma yana da nasa hisabin, kuma mai nauyi. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Wanda ya jefa wa kwamishina sata ba takarda ba shaida, ya yi ƙazafi, rigar majalisa ba za ta kare shi a Lahira ba. In gwamnati ta yi aikin kirki a farashin kirki, ya faɗa. Mafi muni kuma shi ne wanda ya mai da bincike sana'a: ya ɗaga murya da safe, a gan shi da dare, kashegari maganar ta mutu. Ba mu manta da Faruk Lawan ba, wanda ya jagoranci binciken tallafin man fetur a 2012 har ƙasa ta yi ta yaba masa, daga baya kotu ta same shi da karɓar dala 500,000 daga Femi Otedola, aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2021. Ko a 2023, da aka tashi saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, shugabancin jam'iyyar Labour ya nemi 'ya'yanta su ƙi karɓa, sai ga wasunsu sun fito suna kare karɓar. Wanda bakinsa ke cike ba ya iya tambaya.

Mu kuma fa? Wa ya cika masa bakin? In ɗan majalisarmu ya zo gida, layin da ke ƙofarsa na masu neman kuɗin suna ne, da na biki, da buhun shinkafar azumi. Albashinsa ba zai ɗauki wannan ba, ya sani, mun sani. Daga ina zai cike giɓin in ba daga hannun wanda muka aike shi ya bincika ba? Talauci gaskiya ne, ban raina mai buƙata ba. Amma a cikin mutum ɗari da ke layin, a samu ko biyar, malamin makaranta, ɗan kasuwa, limami, shugabar mata, da za su ce: "Ranka ya daɗe, ba karɓa muka zo ba. A kasafin bana me aka rubuta wa Kaura Namoda ta Kudu ko ta Arewa? Wane kamfani aka ba? An tallata kwangilar kamar yadda doka ta ce, ko a ɗaki aka gama? Rahoton mai binciken kuɗi na bara ya iso gabanku, kun zauna a kansa?" In ya amsa, a rubuta, a je wurin aikin a gani da ido. In ya ce sai ya duba, a sa masa rana a dawo.

Wallahu a'alam.