Dajin da ke Ƙarƙashin Gona

A shekarar 2004, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar, wani malamin makaranta ya zama magajin gari a wata karkara ta jihar Maradi. Mutum ne mai kishin jama'arsa. A kundin raya ƙaramar hukumar, shi da kansa ya rubuta cewa za a dasa itatuwa a tare hamada.

Da ruwa ya sauka, mota ta kawo wa wani ƙauye dashen dogon yaro cikin baƙaƙen leda. Aka yi kiɗa, aka ɗauki hoto, aka dasa. Kafin bazara, wanda akuya ta bari gara ta cinye, sauran ƙishirwa ta kashe, don matan da ke jan ruwa a rijiya mai zurfi ba za su iya shayar da gida da dabbobi da dashe ba.

Magajin gari ya dawo ransa a ɓace, ya yi faɗa a ƙofar gidan maigari. Kowa ya yi shiru. Can sai Sarkin Noma ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka taka mu je gonata?"

A gonar, tsohon ya durƙusa gaban wani ɗan kurmin toho da bai kai gwiwa ba. Ya share rairayi da hannu, sai ga kututturen kalgo mai kauri kamar cinya.

"Wannan ubana ne ya sare shi," in ji shi. "Saiwarsa tana nan, ta daɗe da samun danshi a ƙasa. Kowace shekara yana toho, kowace shekara mu sassabe mu ƙone."

Ya zaro lauje ya cire raunanan tohon, ya bar uku masu ƙarfi, ya fige rassansu na ƙasa, ya ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda aka soma a yankin Maradi a 1983, ya bazu bayan yunwar 1984. Ba ya son leda, ba ya son ban-ruwa.

"To Baba, me ya hana kowa ya yi haka?"

"Na wa ne icen, ranka ya daɗe? Mun tashi mun tarar ice na gwamnati ne. Ka sare reshen gawo a gonarka, malamin daji ya ci ka tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? In ma ka daure ka rena, dare ɗaya wani zai sare ya kai kasuwa."

Ina ganin wannan ita ce tambayar da ta fi duk abin da ke cikin kundin nauyi, kuma babu wanda ya kawo ta ofis, don ba a tambayi kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Magajin gari ya ɗauko kundinsa ya dawo ƙauyen. Zama uku aka yi a gindin tsamiya, kuma ba a yi su cikin sauƙi ba. Mata suka ce su itacen girki ya dame su. Arɗo ya ce gonaki sun cinye burtali, shanunsa kuma da 'ya'yan gawo suke ƙetare rani. Aka ja, aka ja, har aka daidaita: wanda ya reni ice a gonarsa nasa ne, 'ya'yan da suka faɗo na dabbar kowa ne, sarar reshe sai da izinin mai gona. Aka kafa kwamitin tsaro, da mata da matasa da Fulani a ciki. Garin ya yanka tarar da za a ci ɓarawon ice, ƙaramar hukuma ta rubuta ta buga hatimi, malamin daji ya sa hannu. Kuɗin da aka ware don sabon dashe aka juya su wajen shata burtali da gyaran rijiya.

Wanda aka fara kamawa da gatari cikin dare ɗan ƙanen magajin garin ne. Dangi suka zo ban-baki. Magajin gari ya ce, "Hatimina ne a kan takardar nan." Yaron ya biya a bainar jama'a. Daga ranar aka daina yi wa kwamitin kallon wasa.

Bayan wasu damuna, wa'adin magajin garin ya ƙare, ya koma aji. Wata rana da kaka hanya ta biyo da shi ta ƙauyen. Gero ya fi tsayi a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki. Matar Sarkin Noma ta fito daga gona da damin itace a ka, duk rassan da aka fige ne. Ta gane shi, ta sauke damin ta gaishe shi, sannan ta nuna masa kalgon nan mai jan ƙyalle. Jikokinta biyu suna barci a inuwarsa.